Hannu Biyu, Mota Huɗu

Duk wanda ya taɓa zama a layin nan ya san Dakta, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Mai bincike ne a kan sufuri, a wata cibiya can bayan tashar mota, kuma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa riƙe sitiyari ba. In an tambaye shi dalili sai ya gyara wuyan riga ya ce, "Mai bincike ba ya tuƙi. Tunani yake yi wa masu tuƙi."

Matarsa, wadda kowa ke kira Auta don ita ce ƙarama a gidansu, ba mai magana ba ce. In Dakta ya fara bayani takan ce "to", ta ci gaba da abin da take yi, kunnenta na wurinsa.

Wata safiya tana shara ya kira ta.

"Auta, zo ki ga mijinki."

Ta zo da tsintsiya a hannu. Hotonsa ne a kwamfuta, na lokacin da yake da suma, an sa lamba bakwai a ƙasa.

"Bakwai ɗin na mene ne?"

"Ambato ke nan. Duk masanin da ya zauna zai yi rubutu a duniya, ya ga ba zai iya gaba ba sai ya jingina da takardata, to dole ya sa sunana a ƙarshen aikinsa. Na'ura ce ke ƙirgawa. Ba ta da dangi, ba ta karɓar gaisuwa."

"Ashe har mutum bakwai sun sa sunanka."

Dakta ya yi ɗan tari. Biyar daga ciki shi ya ambaci kansa. Na shida ɗalibinsa ne da ke jiran ya sa masa hannu. Na bakwai kuwa wani ne a ƙasa mai nisa, wanda Dakta ke kira amininsa alhali ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

Abin da ya sa lambar ta hana shi sukuni shi ne kujerar shugaban sashe. Mai ita zai yi ritaya, kwamiti kuma ya ce a ƙarshen shekara za a buɗe na'ura, wanda ya fi ambato shi zai hau, a haɗa masa da mota. Su biyu ke nema: Dakta, da wata abokiyar aikinsa da yake kira Mai Jar Jaka, don ba ya son bakinsa ya saba da sunanta. Ita tana da goma sha tara. Shi kuwa tuni ya gaya wa mutanen layi kujerar tasa ce, ya gaya wa surukinsa, Baban Auta, Baba kuma ya gaya wa duk tsofaffin da yake zama da su a benci. Har wurin ajiye motar Dakta ya sa an share a ƙofar gida.

Takardar tasa da ake ambata guda ɗaya ce, sunanta Tsarin Dama. A cikinta ya ce a cire fitila daga mahaɗar titi, a cire ɗan sanda, a bar doka ɗaya tak: kowa ya tsaya sai na damansa ya wuce. Da wannan, in ji shi, cunkoso ya ƙare a duniya.

Ya gwada abin kuwa, ba sau ɗaya ba. A tsakiyar falo ya shimfiɗa kwalin firiji, ya zana tituna huɗu sun haɗu, ya mai da akwatunan ashana motoci. Sai ya durƙusa, akwati ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, ya turo su yana yi musu kukan inji da baki. In sun haɗu ɗaya ya tsaya, ɗayan ya wuce.

"Kin gani? Ko ƙuda bai mutu ba."

Rannan Auta ta ga akwatu biyu ajiye a gefe ba mai tura su, ta ji tausayinsu. Ta ce, "Ko in riƙe maka waɗannan, su ma su yi tafiya?"

"Kar ki taɓa. Wannan bincike ne, ba wasan 'yar tsana ba."

Ta ce to, ta zagaye kwalin da tsintsiya.

Ana haka aka ce cibiyarsu za ta karɓi taron masana sufuri. Baƙi goma sha biyar, daga ƙasashe daban-daban, kuma bas ɗin da za ta kwaso su daga otal dole ta bi ta mahaɗar da ke bakin layinsu. Dakta ya shigo gida ko takalmi bai cire ba.

"Bakwai da goma sha biyar nawa?"

"Ashirin da biyu."

"Goma sha tara fa, ta kai ashirin da biyu?"

"Ba ta kai ba."

"To an gama. Zan nuna musu Tsarin Dama da idonsu, a kan titi, da motoci na gaske. Wanda ya gani ba zai iya komawa gida ya yi rubutu bai ambace ni ba. Alƙalaminsa ma ba zai yarda ba."

Sai neman direbobi. Ya fara da Baba, mai tsohuwar mota ruwan toka da ba ta tashi sai an lallashe ta. Baba ya ce don 'yarsa ba abin da ba zai yi ba. Ya je wa Yayan Auta, mai motar raba burodi. Yaya ya dube shi sama da ƙasa.

"Dakta, kai da ko keke ban taɓa ganin ka a kai ba?"

"Yaya, wanda ya zana jirgi fiffike gare shi?"

Yaya ya yarda, don Auta ta dube shi da idon roƙo. Na uku Tela ne, mai babur. Na huɗu Mai Tanka, da ke kawo wa layin ruwa, wanda ya ce shi dai a tabbata baƙin sun ɗauki hoton tankarsa ta gefen da ba ta lotse ba.

Aka shiga gwaji. Sai dai ba a taɓa samun su huɗu a rana ɗaya ba. Yau Tela na da ɗinkin gaggawa, gobe motar Baba ta yi fushi, jibi Mai Tanka ya tafi ɗebo ruwa. Da biyu ake yi, wani lokaci uku, abin kuma yana tafiya sumul. Dakta yana tsaye a kan bulo yana yi musu huɗuba.

"Ku saurara da kyau. Ko sama za ta faɗo, kar wanda ya motsa sai na damansa ya wuce. Wanda ya karya dokar nan a gaban baƙi ya nuna wa duniya shi jahili ne, kuma ya kashe ni."

Baba ya gyaɗa kai, ya maimaita a hankali, "Jahili ne, kuma ya kashe ka."

Saura Kofur, ɗan sandan da ke ba da hannu a mahaɗar tun Auta na goye. Dakta ya kai masa kujerar roba daga falo, ya ajiye a inuwa, ya haɗa da shayi a fulas.

"Kofur, ranar nan ka huta. Kimiyya za ta riƙe maka aiki."

Kofur ya shafa kujerar ya ce, "Allah ya ba kimiyya sa'a. In ta gaji kar ta neme ni."

Ranar taro Dakta ya sa kwat ɗin aurensu, wadda maɓallinta na tsakiya ya daina shiga. Tun da safe ya zana fararen kibiyoyi a kan kwalta da farar ƙasa. Ya ba Auta farantin baƙi, ya jera kwafin takardarsa a kai, ya tsayar da ita a bakin titi.

"In sun sauko suna tafi, ki miƙa wa kowa ɗaya. Kar ki yi magana."

Wannan bai yi mata wuya ba.

Mutanen layi sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu. Mai aski ya bar wani da rabin kai ya fito da almakashi a hannu. Mata sun leƙo ta saman katanga. Direbobi huɗu kowa ya ja baya a titinsa yana jira. Dakta ya gaya musu da zarar ya ɗaga farin hankici su taso tare, don abin ya yi kyau a hoto.

Bas ta ɓullo, fara, mai labule. Ta biyo titin da Yaya yake, ta tsaya a bayansa. Auta ta hango jar jaka a kujerar gaba. Dakta ya hau bulonsa, ya yi wa baƙin jawabi ta taga da Turanci mai yawan hannu, sannan ya ɗaga hankici.

Suka taso su huɗu, suka iso bakin mahaɗa a tare kamar an auna, suka taka birki.

Yaya ya dubi damansa, ya ga Baba, ya tsaya. Baba ya dubi damansa, ya ga Mai Tanka. Mai Tanka ya leƙo daga sama ya ga Tela. Tela ya waiga ya ga Yaya. Kowa ya gyara zama yana jiran na damansa.

Da farko mutane sun ɗauka cikin tsarin ne. Har wani ya fara tafi. Dakta yana murmushi, hankici a sama. Sai hannun ya fara sauka da kaɗan-kaɗan. Auta ta ga leɓensa na motsi yana ƙirga motocin, ta ga ya dubi hannayensa biyu, ya sake duban motocin.

Ya sauko daga bulo ya nufi tagar Baba, yana magana ta gefen baki.

"Baba, ku wuce."

"Ga Mai Tanka a damana."

"Na sani. Ku dai wuce, ni na ce."

"Kai ka ce wanda ya wuce jahili ne. Da furfurata zan zama jahili a gaban mutanen ƙasashen waje? Je ka wurin yara."

Ya ruga wurin Mai Tanka.

"Malam, taka."

"In taka in kashe ka? Ni ban da haƙƙin rai a wuyana. Ka sallami Tela tukuna."

Tela ya kashe babur ya harɗe hannu. "Ni ne ƙarami a nan. In na wuce, gobe a ce Tela ne ya ɓata. Duk rigar da ta ƙi shiga a layin nan ni ake zagi, ba zan ƙara da wannan ba."

"Yaya, don Allah."

"In sha gaban mahaifina, kuma yana damana? Dakta, dokarka da tarbiyyata sun haɗu wuri ɗaya, ba inda za ni."

Kafin nan bayansu ya cika. Motocin haya, masu babur, wata babbar mota ɗauke da katifu, mai kurar kayan gwari, duk sun jeru a tituna huɗu har inda ido ya ƙare. Hon ya kaure. Masu babur suka fara cusa kai ta kowane saƙo har suka toshe ɗan wurin da ya rage. Direban bas ya leƙo yana tambayar ko wani ne ya rasu.

Dakta ya waiwaya wurin inuwa. "Kofur, ɗan taimaka da hannu ɗaya."

Kofur ya kurɓi shayi. "Hannun yana hutu. Ina kimiyyar, ta fita ne?"

A cikin bas baƙi sun manne da tagogi. Ba wanda ya yi dariya. Wani tsoho mai farin gemu ya ciro waya yana ɗauka, Mai Jar Jaka kuwa ta buɗe taga ta miƙe tsaye don ta samu mahaɗar duka a hoto ɗaya. Ganin haka ya sa Dakta ya yanke shawarar da har gobe ake ba da labarinta a wurin mai aski. Ya buɗe ƙofar motar burodi.

"Sauko, Yaya. Ni zan karya dokar, tawa ce."

"Ka iya?"

"Shafi arba'in na rubuta a kan mota."

Yaya ya dubi Auta. Auta ta dubi farantinta. Yaya ya sauko.

Dakta ya zauna, ya gyara madubi, ya gyara kwat. Ya taɓa wani abu, abin share gilashi ya fara kaɗawa. Ya taɓa wani, rediyo ya kama waƙa. Ya kama giya da hannu biyu ya murɗa ta kamar mai tuƙa tuwo, ya rufe ido, ya taka.

Motar ta yi baya.

Ta daki goshin bas, ƙofar bayanta ta wangale, burodi ya yi ta gangarowa kan kwalta. Dakta ya firgita ya sake fizgar giya, ya taka da ƙafa biyu. Wannan karon ta yi gaba, ta yi tsalle irin na akuya, ta tsallaka mahaɗa a karkace, ta shafi Tela da iska, ta je ta soki bututun da ke gefen tanka, gefen nan da bai lotse ba. Ruwa ya yi feshi ya rufe gilashi. Inji ya mutu. Rediyo bai mutu ba.

Ruwan ya malale mahaɗa, ya wanke fararen kibiyoyi, ya ɗauki burodi yana yawo da shi tsakanin tayoyi. Mai Tanka ya sauko ya ɗora hannu a ka. Yaya ya tsuguna yana kallon burodinsa na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya leƙo ta taga ya tambaya, "Yanzu na dama ya wuce ne, ko mu ci gaba da jira?"

Mai aski ya ce, "Baba, na dama ya shiga tanka."

Bas dai ba gaba ba baya. Da baƙi suka ga lokacin taro na wucewa, suka sauko ɗaya-ɗaya, suka naɗe ƙafar wando, suka rungumi jakunkuna. Masana sufuri goma sha biyar suka kama hanyar cibiya a ƙasa, suna tsallake burodi. Da suka zo gaban Auta ta tuna aikinta, ta miƙa faranti. Kowa ya ɗauka kuwa. Wasu suka yi fifita da ita, wasu suka kare rana, wata mata ta goge takalmi.

Dakta ya fito daga mota ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Tsohon nan mai farin gemu ya tsaya, ya kama hannunsa ya girgiza, ya yi masa magana a natse, sannan ya wuce. Fuskar Dakta ta washe. Ya juyo wurin jama'a.

"Kun ji abin da ya ce? Ya ce shekara talatin yana koyar da wannan a allo, bai taɓa ganin sa da ido ba sai yau. Ya ce zai ambace ni."

Kofur ya ajiye kofi, ya miƙe, ya karkaɗe wando. Sai bayan azahar mahaɗar ta buɗe.

Wata biyu Yaya bai taka gidan ba. Mai Tanka ya koma zagaye layin ta baya. Baba ya daina zama a benci na ɗan lokaci, ya ce ƙafa ke damun sa. Dakta kuwa kullum da safe kafin ya wanke baki sai ya buɗe kwamfuta.

Rannan ya ƙwala kira. "Auta, takwas."

Bayan kwanaki ya ce goma sha ɗaya. Aka jima ya ce ashirin. Ranar da lambar ta kai ashirin da biyu ya fita ƙofar gida ya sake share wurin mota da kansa. Ya dawo ya jawo Auta gaban kwamfuta, ya buɗe shafinsa, ya buɗe na Mai Jar Jaka a gefe don ta ga bambanci.

Auta ta duba nan, ta duba can. Ta ce a hankali, "Nata ma ya hau."

"Ki kalli gefenmu."

"Talatin da huɗu na gani."

Ga abin da ya faru. Mai Jar Jaka ta koma ofis da hotunanta ta rubuta takarda a kan yadda mota huɗu ke kulle mahaɗa in kowa na jiran na damansa. Ta ba abin suna Kullen Dakta, ta ambace shi a layin farko, da ladabi. Baƙin nan da suka koma ƙasashensu kowa ya yi nasa rubutun, ɗalibansu ma suka yi. Duk wanda ya rubuta sai ya ambaci Dakta, don shi ya kulle, ya ambaci Mai Jar Jaka, don ita ta bayyana. In nasa ya ƙaru da ɗaya, nata ya ƙaru da ɗaya. Goma sha biyun da ke tsakaninsu tun farko ta zauna daram, kamar Baba a bakin mahaɗa.

Dakta ya daɗe yana kallon lambobin. Sannan ya rufe kwamfuta ya ce, "Kin gani ko? Ni nake ɗauke da ita. In na tsaya ta tsaya."

Auta ta ce to.

Ƙarshen shekara kwamiti ya buɗe na'ura, aka ba Mai Jar Jaka kujera da mota. Mace ce mai kirki, kuma hanyarta ta layin take bi, sai ta ce ba za ta riƙa wuce mutumin da ya yi mata wannan alheri a bakin titi ba. Ran Litinin motar ta zo ta tsaya daidai wurin da aka share, sabuwa fil, ta yi hon sau ɗaya.

Dakta ya fito da jakarsa. Ya ga mai aski a ƙofar shago, ga Tela, ga Baba ya dawo benci da tsofaffinsa. Mai Jar Jaka ta buɗe masa ƙofar gaba. Ya yi kamar bai gani ba, ya buɗe ta baya, ya shiga ya harɗe, ya sauke gilashi.

"Baba, na ce muku mota za ta zo ƙofar gidan nan ko ban ce ba?"

"Ka ce."

"To ga ta. Kuma ku dubi wanda aka ba ni ya riƙa tuƙa ni. Shugabar sashe da kanta."

Motar ta ja a hankali ta nufi mahaɗa, inda Kofur ya hango wanda ke baya ya tsayar da tituna uku da hannu biyu har suka wuce.

Auta ta koma falo. Kwalin firijin na nan a jingine bayan kujera, ashana kuma ta ƙare a kicin. Ta ɗauki akwatu biyun nan da ba su taɓa yin tafiya ba, ta girgiza su, ta ji da sauran tsinke a ciki, ta tafi ɗora ruwan shayi.